Yadda na'urar POS ke karanta kati, da abin yi idan ta ƙi

Shekara biyar ke nan ina riƙe da rumfar POS a kusa da Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma babu maganar da na fi ji a bakin mutane, har da abokan sana'ata, kamar "ba sabis". Kati ya ƙi karantuwa, a ce ba sabis. Mai kati ya danna lambar sirri ba daidai ba, a ce ba sabis. Katin ya gama wa'adinsa tun watan jiya, shi ma sabis ne ke ɗaukar laifin. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin wannan kuɗin goro da ake yi wa matsaloli shi ke sa mutum ya yini yana yawo daga rumfa zuwa rumfa da katin da datti ne kawai ya rufe masa fuska. Shi ne kuma ke sa a ɗaga murya tsakanin mai POS da maƙwabcinsa a kan kuɗin da babu wanda ya ci.

Duk sanda aka sa kati a na'ura, abu uku ke faruwa bi da bi. Na'ura ta karanta katin, a tabbatar mai katin ne ke tsaye, sannan a tambayi banki ko ya yarda a biya. Na farkon babu ruwansa da sabis ko kaɗan, tsakanin kati ne da na'ura. Wanda ya iya gane inda aiki ya tsaya cikin ukun nan ya san abin da zai yi. Sabon shiga sana'ar nake rubuta wa, amma mai kati ma zai ƙaru.

Mataki na farko: dubi katin kafin ya shiga

Daƙiƙa biyar sun isa. Fara da wa'adinsa, wato lambobi huɗun nan da aka raba da layi a tsakiya. Biyun farko wata ne, biyun ƙarshe shekara. Katin da aka rubuta wa 08/26 zai yi aiki har ranar ƙarshe ta watan Agustan 2026, washegari ya mutu, ko da miliyan ce a asusun. Da yawa daga cikin katunan da ake kawo mini ana cewa sun lalace, wa'adinsu ne ya cika.

Doguwar lambar kati yawanci 16 ce, wasu katunan Verve kuma suna kaiwa 19. Ba a zube take ba. Katin Visa da 4 yake farawa, na Mastercard akasari da 5, na Verve sau da yawa da 506. Lambobi shida na farko su ke faɗa wa na'ura bankin da ya ba da katin, ta ƙarshe kuwa lissafa ta ake yi daga sauran, don a gane idan an yi kuskure wajen shigarwa. A bayan katin akwai wasu lambobi uku. Waɗannan na sayayya ne a intanet, na'urarka ba ta buƙatarsu, kai ma ba ka buƙatarsu.

Sai ƙofofin da na'ura ke bi ta karanta katin, su ma uku ne. Akwai ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare a fuskar kati, wanda mutane ke cewa sim ɗin kati, sunansa cip. Akwai baƙin layin da ya ratsa baya. Akwai kuma wata siririyar waya da aka naɗe a cikin robar, ba a ganinta, sai dai ka ga alamarta a jikin katin, 'yan layuka huɗu masu lanƙwasa suna ƙara girma. Yawancinmu a zaɓen 2015 muka fara jin sunan kad rida, lokacin da hukumar zaɓe ta kawo na'urar da ke karanta cip ɗin da ke ɓoye cikin katin zaɓe, sannan ta nemi yatsa. POS ɗin da ke hannunka 'yar gidansu ce, kuɗi kawai take tantancewa a madadin ƙuri'a.

Ka dubi cip ɗin da kyau. Ya yi baƙi? Ya karce? Katin ya lanƙwashe kamar an zauna a kansa? In ka ga haka, ka faɗa wa mai shi tun kafin a fara, kada daga baya ya ce na'urarka ce ta ɓata masa.

Mataki na biyu: shirya na'urar

Wannan da safe ake yi, kafin mutum na farko ya tsaya. Caji ya cika, domin na'ura mai ƙarancin caji takan mutu daidai lokacin buga rasit, wanda shi ne mafi munin lokaci. Ka duba sandunan sabis a saman allo. In na'urarka mai cin sim biyu ce, ka sa na kamfanoni daban-daban. Ka duba takarda. Takardar rasit ba tawada ake zuba mata ba, zafi ne ke fito da rubutun, kuma fuska ɗaya ce ke karɓa. In ka rikice, ka karta ta da farce, gefen da ya yi baƙin layi shi zai kalli kan bugawa. Wanda ya sa ta a juye zai ga takarda na fita fara fat, ya ɗauka na'ura ta lalace.

Ramin kati shi ne abin da aka fi sakaci da shi. A ciki akwai 'yan ƙananan haƙoran ƙarfe da ke taɓa cip. Ƙurar hunturu ta Katsina, wadda ko cikin akwati take shiga, ita ce babbar abokiyar gabarsu. Kada ka hura ramin da baki, danshin numfashi da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Kada ka zura tsinke, allura ko reza. Akwai katin goge rami da ake sayarwa, ka zura ka fitar sau uku ko huɗu a mako, ya wadatar. In na'ura ba ta aiki, ka rufe ta da ƙyalle mai tsabta.

Gargaɗi guda da nake so ya zauna maka: kada ka kai POS wurin mai gyaran waya ya kwance ta. An gina ta ne yadda da zarar an buɗe jikinta za ta goge makullan sirrin da ke cikinta ta kulle kanta, don kada ɓarawo ya dasa mata wani abu. Mugun faɗuwa ma kan jawo haka. In ta lalace, kamfanin da ya ba ka ita za ka kira.

Mataki na uku: sa kuɗi, nuna wa mai kati, sannan a zura

Ka shigar da adadin, ka juya allon ya gani da idonsa. Sifili ɗaya ne tsakanin dubu biyar da dubu hamsin, kuma a ranar da rumfa ta cika yatsa kan zame. Ka faɗa masa cajinka a fili kafin a danna komai. In na'ura ta tambayi irin asusun, ka tambaye shi, kada ka yi masa zato.

Zai fi kyau shi ya zura katin da hannunsa. Gefen cip ne ke shiga, yana kallon sama, a tura a hankali har ya tsaya. Daga nan kada a taɓa shi.

Ga dalili. Cip ɗin nan ƙaramar kwamfuta ce, amma ba ta da batir. Haƙoran da ke cikin rami ne ke ba ta wuta. Da wuta ta shiga, na'ura takan tashe ta, ita kuma ta amsa ta bayyana irinta da yadda za a yi magana da ita. Sai su daidaita a kan tsarin da za su bi, na Verve ne, na Visa ko na Mastercard. Sai na'ura ta karanto lambar katin da wa'adinsa, ta kuma bincika wani sa hannu na lissafi da banki ya bari a ciki, wanda ke nuna katin ba jabu ba ne. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake ƙarewa. Ƙa'idar da suke bi sunanta EMV, daga farkon sunayen kamfanoni uku da suka tsara ta a shekarun 1990, Europay, Mastercard da Visa, shi ya sa katin Visa ko Mastercard da aka karɓa a Daura zai karantu a Makka.

Abin da ya fi burge ni shi ne na gaba. A cikin cip akwai wani makulli na sirri da ba ya fitowa waje har abada, ko na'ura ba ta ganinsa. Na'ura takan miƙa wa cip adadin kuɗin, da kwanan wata, da wata lamba da ta ƙirƙiro a take. Cip ya haɗa su da ƙidayar da yake yi ta yawan cinikin da aka yi da shi, ya sarrafa su da makullin nan, ya fito da hatimi na wannan ciniki kaɗai. Bankin da ya ba da katin ne kawai zai iya tabbatar da hatimin. Ko wani ya saci hatimin yau, gobe ba zai yi masa amfani ba, domin ciniki na gaba sabon hatimi yake so. Wanda ya fizge kati a tsakiyar wannan aiki ya yanke wa cip wuta yana cikin magana. Shi ya sa ake cewa a jira har allo ya ce a cire.

Mataki na huɗu: lambar sirri

A nan ake gane mai POS na kirki. Ka miƙa na'urar, ka kau da kai, ka kuma sa na bayansa su ja da baya. A wasu katunan cip ne da kansa ke duba ko lambar daidai ce, a wasu kuma na'ura ke kulle ta ta aika banki a duba. Ko ta wace hanya, ba ta zama a na'urarka, ba ta fita a rasit.

In madannan na roba ne, koren maɓalli shi ne amincewa, rawaya gyara, ja sokewa. Lamba 5 tana da ɗan tudu da yatsa ke ji, wanda idonsa ya yi rauni zai iya lalubo sauran daga nan. Na'urori masu allon shafawa kuwa, wasunsu sukan hargitsa jerin lambobin duk lokacin da za a danna, don kada mai leƙe ya gane daga motsin yatsa. Mutane da yawa da hannu suka haddace lambarsu ba da ka ba, sai su danna inda suka saba, ta fito ba daidai ba. Ka faɗa musu su karanta lambobin kafin su taɓa.

Kuskure uku a jere yakan kulle kati. Saboda haka in an yi biyu, ka tsayar da shi. Ka ce ya nutsu, ya tuna, ko ya je ya dawo. Na ukun in ya faɗi, sai an je banki.

Akwai wani dattijo da ke zuwa mini duk ƙarshen wata karɓar fanshonsa. Ranar farko ya miƙo katin tare da wata 'yar takarda da aka naɗe da kyauro, lambar na rubuce a jiki.

"Ɗan nan, danna mini kawai, idon ba ya gani."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku za ku danna. Ni yau kun san ni, gobe wani za ku tarar a rumfar."

Na kama yatsansa na ɗora a kan 5, na nuna masa sama da ƙasa, dama da hagu, na juya baya. Ya ɗauki lokaci, mutane na jira, amma ya yi. Na roƙe shi ya yaga takardar, ya kuma daina haɗa ta da katin a aljihu ɗaya. Haka nan matan da ke aiko yara da kati da lamba a rubuce a tafin hannu. Ba zan ce a daina aike ba, na san yadda gidajenmu suke, amma a zaɓi babba mai hankali, a kuma riƙa canza lambar lokaci zuwa lokaci.

Mataki na biyar: tafiya banki da dawowa

Yanzu ne sabis ya shigo. Saƙon yakan tashi daga sim ɗin na'urarka zuwa kamfanin da ya ba ka ita, ya bi ta masu haɗa bankuna irin su NIBSS da Interswitch, ya isa bankin mai kati. Banki ya duba hatimin, ya duba kuɗin da ke asusun da iyakar da aka sa masa, ya ba da amsa, amsar ta biyo hanya ta dawo. Wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ya ga wannan a aikace. Na'urori lafiyarsu ƙalau, katuna ma haka, amma babu hanyar da saƙo zai bi ya kai banki.

Amsar banki takan zo da lamba biyu, kuma mai POS da bai san su ba yana aiki ne a cikin duhu. 00 ita ce amincewa, allo ya nuna "Approved", ita kaɗai ce ke halatta maka ƙirga kuɗi. 51 kuɗin asusun bai kai ba, kuma wannan a hankali ake faɗa wa mutum, ba a gaban jama'a ba. 55 lambar sirri ba daidai ba, 75 an yi ta kuskure har an wuce iyaka, 54 wa'adin kati ya cika, 61 ya wuce abin da aka yarda ya cira. 05 banki ya ƙi ne bai faɗi dalili ba, mai kati ne zai je ya ji. Sai 91, wadda ke nufin bankin mai katin ko hanyar zuwa gare shi ba ta amsawa. Wannan ce ta fi kusa da abin da ake kira ba sabis, kuma ko ita ba laifin na'urarka ba ne. In ka ga katunan banki ɗaya suna ta ba da 91, ka daina karɓarsu na ɗan lokaci, ka gaya wa masu zuwa gaskiya.

In an cire masa kuɗi amma na'ura ta ce "Declined"

Wannan ita ce uwar rigima, don haka zan tsaya a kanta.

Abin da ke faruwa shi ne saƙo ya isa banki, banki ya cire kuɗin ya tura wa mai kati alat, amma amsar ta maƙale a hanyar dawowa. Na'urarka ta jira har ta gaji, ta ɗauka cinikin bai yiwu ba, ta aika a soke. Kuɗin ya bar asusunsa, bai shigo naka ba, yana hanyar komawa inda ya fito.

A watannina na farko wani mutum ya zo cirar dubu ashirin ana gab da magariba. Na'ura ta ƙi, wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane, yana cewa an cire masa a akawun. Jama'a suka taru, kowa na cewa in ba shi haƙƙinsa, ga shaida a fili. Kunya ta kama ni, na ƙirga na ba shi. Kuɗin bai taɓa shigowa wurina ba, shi kuma ban sake ganinsa ba. Ribar kwana da kwanaki ta tafi a wannan yammacin, kuma har yau ina jin zafin abin.

Ga abin da nake yi tun daga ranar. Da farko ba na sake zura katin nan take, domin in aka maimaita ana iya cire masa sau biyu. Sai in buɗe tarihin ciniki a na'ura mu duba tare da shi, in kuma duba ko kuɗin ya ƙaru a asusuna. In bai shigo ba, sai in buga masa rasit ɗin da ya nuna an ƙi, in nuna masa lambobin da banki zai tambaya: kwanan wata da lokaci, adadin kuɗi, lambar na'ura, da wata doguwar lamba mai lambobi 12 da ake rubuta wa RRN a gefe, wadda ita ce sunan wannan ciniki a duk inda ya bi. In ce ya ɗauki hoton rasit ɗin da waya a take, domin takardar zafi in ta sha rana ko ta kwana biyu a aljihu rubutunta gogewa yake yi. Ni ma in ɗauka, in rubuta lambar wayarsa a littafina.

Sau da yawa kuɗin kan koma da kansa kafin ya isa gida. In bai koma ba, bankinsa zai je, ba bankina ba, domin su suka cire. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72. In ya kai ƙorafi aka yi mako biyu ba a share masa hawaye ba, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Duk wannan cikin sanyin murya ake bayyana shi. Mutumin da ke gabanka wataƙila kuɗin maganin ɗansa ne ya maƙale, fushinsa yana da dalili.

Sauran ƙofofi biyu

Baƙin layin baya shi ne tsohon yayi, tun shekarun 1960 kamfanin IBM ya fito da shi a Amurka. Wanda ya yi zamani da rediyo mai kaset ya riga ya san yadda yake aiki. Layin cike yake da ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu da aka jera, a cikin tsagar gefen na'ura kuma akwai kai irin na kaset, motsin katin a kansa ne ke fito da karatu. Shi ya sa ake goga shi da ja ɗaya, ba da sauri ƙwarai ba, ba a kuma tsayawa a tsakiya. Aibinsa shi ne abin da ke rubuce a jikinsa ba ya canzawa, duk wanda ya kwafa sau ɗaya zai iya buga wani katin da shi. Wannan ne ya sa Babban Banki ya tura bankunan ƙasar nan suka koma cip da lambar sirri tsakanin 2009 da 2010. Yau in ka goga katin da ke da cip, na'ura za ta ce ka zura shi, domin a jikin layin an rubuta cewa katin yana da cip. In cip ya ƙi karantuwa na'ura ta ce a goga, ni shawarata ka haƙura da cinikin. Bankuna da yawa ba sa amincewa, kuma hanya ce da masu katin jabu ke so.

Ta ukun ita ce ta karawa. Na'ura tana fitar da wani filin maganaɗisu a kusa da allonta ko bayanta, wayar da ke naɗe cikin kati ta ɗebi wuta daga nan ta tashi cip, su yi maganarsu ta iska. Tazarar ba ta wuce kamar santimita 4, faɗin yatsu biyu ke nan. Hatimin da ake bugawa iri ɗaya ne da na zurawa. A kara katin a kan alamar, a riƙe shi cak har na'ura ta yi ƙara. A fitar da shi daga walat tukuna, don in katuna biyu suka haɗu na'ura rikicewa take yi. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a Yunin 2023, abin da za a biya ta wannan hanya ba tare da ƙarin tantancewa ba bai wuce naira 15,000 a ciniki ɗaya ba, da naira 50,000 a yini. Wanda katinsa ke da wannan alama ya ɓata, ya kira banki a rufe shi a take, kada ya jira gari ya waye.

In kati ya ƙi karantuwa

Ka bi su a jere, daga mai sauƙi. Cire katin ka duba ko a juye aka sa shi, wannan kaɗai yana warware da yawa. Goge cip da ƙyalle busasshe mai laushi. In ya yi dauɗa sosai, ka murza shi a hankali da magogin fensir, ka share burbushin. Ban da yawu, ban da kankarewa da makulli ko reza, ban da gogawa a bango, duk na ga ana yi, kuma duk kashe kati suke yi. Sake zurawa a hankali har ƙarshe.

In ya sake ƙi, ka gwada wani katin a na'urar, naka ma ya isa. Naka ya karantu, matsalar daga katinsa take, sai ya gwada karawa in katin na yi, ko ya je banki a sake masa. Naka ma ya ƙi, to ramin ne ko na'urar. Ka goge ramin, ka kashe ta ka kunna, in ta ci gaba ka kira kamfani. Ka lura, a duk wannan babu inda canza sim ko ɗaga na'ura sama neman sabis zai taimaka.

Mai kati kuma ya raba shi da aljihun baya na wando, musamman mai hawa mashin, domin lanƙwasa na tsinka wayar ciki ta kuma ɗaga cip. Kada ya bar shi a gaban mota cikin ranar bazara. Maganaɗisu, irin na marufin jakar mata, baƙin layi yake lalatawa, cip bai damu da shi ba.

Abu na ƙarshe da ido zai kula da shi shi ne musanyar kati. A wurin cunkoso, irin ranar kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi, wani zai matso kamar mai taimako, ya ga lambar da aka danna, ya karɓi katin ya miƙo wani mai kala ɗaya na banki ɗaya. Sai an je gida alat ya fara shigowa. Saboda haka kati kada ya bar idon mai shi, kada kowa ya ɗauki hotonsa gaba da baya, kuma in an miƙo maka naka ka karanta sunan da lambobi huɗun ƙarshe kafin ka sa a aljihu. A rumfata ni nake fara cewa, "Alhaji, duba ka gani, naka ne?" Da dare kafin in rufe, nakan buga jimillar cinikin yini in gwada da littafi da kuɗin da ya rage a hannu, in ware duk wanda aka ƙi amma aka ce an cire, in kira masu su da safe in ji ko ya koma.